Tambaya da Amsa: Rumfar ciyawa ta bakin teku a wurin biki

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sana'ar ƙawata wurin biki. Wata amarya ta ce a ranar kamunta tana son rumfar nan ta ciyawa da ake kira tiki, inda za a jera zoɓo da kunun aya. Filin an shafe shi da siminti, ba damar haƙa rami. Yaya zan tsayar da ita? (Wata mai karatu daga Kaduna)

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Wannan ado ya samo asali ne a gidajen cin abinci na Kalifoniya a Amurka cikin shekarun 1930, suna kwaikwayon bukkokin tsibiran tekun Fasifik. Kayan aikinsa kuwa duk muna da su: gora, zana, kaba da igiya. Sassaƙaƙƙun fuskokin da suke kafawa a gefe ki bar su, rumfar ba ta rasa komai.

Ki yi ta faɗin ƙafa 6, zurfin ƙafa 4. Dirkoki huɗu na gora mai kaurin inci 3: na gaba biyu ƙafa 8, na baya ƙafa 6 da rabi, don rufin ya gangara baya. Ki nemi busasshiyar gora. Ɗanya tana tsukewa idan ta bushe, ɗauri ya saki. Wadda kuma kika ga ƙananan huji da gari na zuba daga jikinta, ƙwaro ya riga ya cinye cikinta.

Gindin shi ne aikin gaba ɗaya. Ki samu bokitin fenti huɗu masu lita 20, ki tsayar da guntun bututun roba mai inci 4 a tsakiyar kowanne, ki toshe ƙasansa, ki zuba kwaɓin siminti kewaye: awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, uku na tsakuwa. Rabin buhu ya wadatar. A bar shi kwana 3 ya kama. Kowane bokiti zai kai kusan kilo 40, kuma dirka zura ta kawai za ki yi a bututun, a tashi biki ki zare. Yashi zalla a bokiti ba ya riƙe dirka, da an jingina sai ta karkace.

Kada kafinta ya buga ƙusa kai tsaye, gora tsagewa take yi. Ko a fara hudawa da na'ura kusa da gaɓa, ko a ɗaure da robar tayar da ake ɗaurin kaya a babur, sannan a naɗe da igiyar rama a ɓoye robar. A haɗa kawunan dirkokin da gora huɗu, a jera sirara biyar a sama, sannan a gicciya biyu a bango na baya. Wannan gicciyen mutane ke mantawa, shi ya sa rumfa ke rangaji.

Kafin rufi a shimfiɗa farin yadi a kan ƙirar, in ba haka ba ɓurɓushin ciyawa zai riƙa faɗawa cikin kofuna. Sai zana ɗaya, sannan kaba ko yantacciyar ciyawa. Daga ƙasa ake farawa a hau sama, kowane layi ya rufe rabin na ƙasansa, a bar geza kamar taƙi ɗaya tana lilo a gaba. Teburin a zagaye shi da asabari, bokitan a lulluɓe su da tabarma, a ɗora abarba, kwakwa da kankana.

Maganar wuta ba wasa. Busasshiyar ciyawa nan take take kamawa, don haka ba kyandir, ba kaskon turaren wuta a ƙarƙashinta, mai gashin nama kuma ya yi nisa da ita. Fitilun LED masu batir kaɗai za a rataya, a ajiye bokitin ruwa a bayan teburi. Idan a fili ne kuma hadari ya taso, a fara kwance rufin, domin shi iska ke kamawa ta kifar da rumfar.