Keken tsakuwa a tsohuwar hanyar jirgin Dolomiti

Malam, ka tambaya ko kekenka mai ɗan faɗin taya zai iya tsohuwar hanyar jirgin ƙasan nan ta duwatsun Dolomiti a Italiya, daga Dobbiaco zuwa Cortina. Zai iya wallahi, kamar ma don shi aka yi ta. Jirgi ya daina bin wannan ɓangaren tun 1962, na Cortina zuwa Calalzo kuma 1964, aka kwashe ƙarafan dogo aka bar wa masu keke, da sanyi kuma masu zamiya kan ƙanƙara su karɓe ta.

Abin da zai kwantar maka da hankali, jirgin ƙasa ba ya son tudu mai tsauri, shi ya sa hawan a hankali yake har Cimabanche, inda hanyar ta fi tudu, wajen mita 1,530 sama da teku, daga nan sai gangara kawai har Cortina, duka kusan kilomita 30 ne kuma yawanci tsakuwa ce, to ka ɗan rage iskar taya kar hannunka ya sage. A kusa da tafkin Landro ka tsaya ka kalli tsaunukan Tre Cime, kar gaggawa ta sa ka wuce, asara ce babba. Ka riƙe fitila saboda ramukan da aka fasa cikin dutse, da rigar sanyi ko da rani ne, ruwan yamma a can ba ya sallama. Daga Cortina zuwa Calalzo kuwa yawanci kwalta ce, birki kawai za ka riƙa lallaɓawa.