Furanni da rera addu'a a shagon Ba'indiye: mece ce ma'anarsu?

Malam, ka ce kana ganin maigidanka Ba'indiye yana zuba furanni gaban wani hoto kowace safiya yana rera wasu kalmomi, kana tambaya ko tsafin kuɗi ne.

Ibadar mabiya addinin Hindu ce, suna kiranta puja. Hoton da ke shagunan 'yan kasuwa galibi na Lakshmi ne, wadda suke ɗauka allahiyar arziki, tana zaune kan fure mai kama da bado. Abin da yake rerawa mantara ce, wato kalmomin addu'a da ake maimaitawa, da harshen Sansikirit, tsohon harshen ibadarsu. Wasu suna jan carbi mai ƙwaya 108. Furen, yawanci mai launin ruwan lemo, sai sabon tsinka, kuma ba a shinshina shi kafin a miƙa. Lokacin Diwali, bikinsu na fitilu, wajen Oktoba ko Nuwamba, 'yan kasuwar jihar Gujarat ta Indiya har sabbin littattafan lissafinsu suke ajiyewa a wurin.

Kada ka taɓa wurin ko ka matsa kusa da shi sanye da takalmi, yana ɓata musu rai ƙwarai. Ka kuma kiyayi masu sayar da "mantarar samun kuɗi" a intanet, damfara ce.

Idan ya miƙo maka alawar da aka ajiye gaban hoton, wato prasad, hukuncin cinta sai ka tambayi malaminka.