Ga ɗan'uwan da aka tsara wa kilomita 500 kullum a tsaunukan Alps

Salamu alaikum ɗan'uwa. Na karanta tambayarka, na kasa wucewa. Ka ce ku huɗu ne, za ku tashi daga Jamus ku ratsa Ostiriya da Italiya da Siwizalan ku ƙare a Faransa cikin kwana tara, abokanka sun tsara kilomita 500 kullum, kai ne sabon hannu a babban babur, kana so ka san ko zai yiwu, da kuma yadda ake shan kwanar dutse. Amma abin da ya tsaya min a rai shi ne maganar da ka jefa a ƙarshe kamar da wasa, wai ba ka so su ga kai ne ke ja musu baya. Wannan maganar na san ta ciki da waje, domin da ita aka ɗaure ni, har na kusa barin raina a gangaren Gavia, wani mashigin dutse a Italiya.

Kilomita 500 dai ba za ta yiwu ba, sai in a babbar hanya za ku wuni, in kuwa haka ne me ya kai ku dutse? A kan mashigan nan, in ka haɗa shan mai da ɗan hutu da bin bayan bas da ba ka da wurin wuce ta, da ƙyar kake cin kilomita 40 zuwa 50 a awa. Yi lissafin da kanka, awa goma ke nan zuwa sha biyu da rabi a kan sirdi, kullum, ba hutu. Wanda ya zauna a ɗaki ya ja layi a taswira bai san yadda wuyan hannu ke yi bayan shan kwanoni ɗari ba. Ni yanzu in an wuce 250 zuwa 300 a ranar dutse, ba da ni ba.

Namu jagoran ma haka ya tsara mana. Mutum ne da ya girme ni, ya fi ni daɗewa a kan babur, ina ganin girmansa ƙwarai, shi ya sa har yau abin yake min ciwo. Ranar da nake faɗa maka mun tashi daga kwarin Ötztal na Ostiriya, muka hau mashigin Timmelsjoch muka gangara Merano a Italiya, muka bi kwari har Prato, muka hau Stelvio. Stelvio kuwa ka san ba wasa ba ce, mita 2,757, kwanoni 48 daga wannan ɓangaren, an rubuta wa kowace lamba, kana hawa lambar tana raguwa har ka kai ta ɗaya a sama. Da muka sauko Bormio la'asar ta yi, cinyoyina suna rawa, ga hadari ya haɗu baƙi ƙirin ta wajen da za mu nufa. Na ce masa Yaya, mu kwana a nan mana, gobe mu hau da safe. Ya dube ni ya yi dariya a gaban sauran, ya ce an riga an biya kuɗin otal a Ponte di Legno, Gavia ce kawai ta rage, kuma shi bai taho da yara ba. Sauran biyun suka sunkuyar da kai. Babu wanda ya ce uffan.

Gavia ta haura mita 2,600, kuma ko a watan Yuni ba ta da amana. A Yunin 1988 dusar ƙanƙara ta rufe 'yan tseren keke na Giro d'Italia a kanta, har yau ana ba da labarin. Tun muna hawa ruwa ya sauko, kafin mu kai sama ya koma ƙanƙara, tana dukan hular kwanona kamar ana jifana da tsakuwa. Su ukun suka murɗa totur suka ɓace cikin hazo. Mun yi alkawari tun a gida cewa a kan kowane mashigi za a jira na baya. Na iso sama na duba, babu kowa. Babu babur ko ɗaya. Na tsaya na kira shi, wayar tana shiga ba a ɗauka. Na kira na biyu, haka. Yatsuna sun sandare har sai da na cire safar hannu da haƙori.

Gangaren da ke kallon Ponte di Legno shi ne mugun. Akwai wuraren da faɗin hanyar bai fi mota ɗaya ba, gefe guda dutse, gefe guda rami, ba ko ƙarfen kariya. Akwai kuma hanyar da aka huda ta cikin dutse, duhu sosai, gilashin hulata ya yi raɓa, ban ga komai ba sai salati nake. Na fito daga nan da ƙyar, can ƙasa kaɗan a wata kwana sai ga motar nan ta masu yawon buɗe ido, mai ɗakin kwana a ciki, ta cinye hanyar gaba ɗaya tana hawowa. Dole na tsaya. Na sauke ƙafa ta ɓangaren da kwalta ta zurma, ƙafata ba ta sami ƙasa ba. Babur da kaya ya tafi da ni. Mai motar ya raɓa ya wuce abinsa, wataƙila ma bai ganni ba, Allah ne masani. Ina kwance, ƙafata a ƙarƙashin akwatin gefe, ruwa yana bi ta wuyana, man fetur yana wari, tayar gaba kuma ba ta fi taku biyu da bakin ramin ba. Na zaro ƙafar, na yi ƙoƙarin ɗaga babur, ya ƙi. Na kwance kayan na sake gwadawa, ya ƙi, domin kansa yana kallon gangare ne. Na zauna a kan jakata cikin ruwan nan, ɗan'uwa, ba na jin kunyar faɗa, na yi kuka. Ba ciwon ƙafar ba ne ya sa ni, tunanin cewa mutanen da na taho da su ba su ma san a ina nake ba.

Wani dattijo ne da matarsa a ƙaramar mota suka tsaya. Ba ya jin yarena, ba na jin nasa. Muka ɗaga babur tare, ya ga hannun kuloci ya lanƙwashe amma yana aiki, ya nuna min da hannu in shiga gaba, ya biyo ni da fitila a hankali har ƙasa. Ko sunansa ban sani ba, amma ban taɓa daina yi masa fatan alheri ba.

Da na isa otal duhu ya yi. Na same su sun yi wanka sun ci abinci, jagoran yana nuna wa sauran bidiyon da ya ɗauka. Ya ɗago ya ce, af, ai mun ɗauka ka tsaya ɗaukar hoto ne. Hoto! Cikin ƙanƙara! Na nuna masa kiran da na yi ta yi, ya ce wayar tana cikin jaka. Da ya ga gefen babur ya goge, abin da ya fara fita bakinsa shi ne, ai dama na gaya maka wannan babur ya fi ƙarfinka. Ko sannu babu. Washegari kuma shi ne ya fara tayar da mu da sassafe, wai mun makara. Har yau muna haɗuwa, muna gaisawa, na yafe masa don Allah, amma ba zan sake bin bayan tayarsa ba ko zuwa gidan mai ne.

To, batun shan kwana. Wadda za ta ba ka wahala ita ce ta dama in kana hawa, saboda kai ne a ciki, nan ne ta fi matsewa kuma ta fi tudu. Tun kafin ka iso ka ɗaga kai ka dubi hanyar da ke samanka, ka ga ko bas na saukowa. In akwai mota a gabanka ka rage gudu tun daga nesa, ka bar ta ta gama shan kwanar tukuna, don babban abin gudu shi ne a tilasta maka tsayawa a tsakiya, irin abin da ya same ni. Ka shiga da giya ta ɗaya ko ta biyu, ka buɗe ta gefen layinka kafin ka karya, ka juya kanka gaba ɗaya zuwa inda za ka fita. Inda idonka ya kalla nan babur zai je, in ka kalli rami, ramin za ka nufa. Totur kar ya mutu, ka riƙa wasa da kuloci, ka ɗan taka birkin baya kaɗan. Birkin gaba kuwa a tsakiyar kwana, kar ka kuskura. Ka nemi fili mara motoci kafin tafiya, ka ɗaura duk kayan da za ka tafi da su, ka yi ta juyawa a matse har sai jikinka ya saba. Babur mai kaya daban ne da wanda kake zuwa aiki da shi.

Kuma don Allah kar su fara da kai a Stelvio. Tunda ta Ostiriya za ku shiga, ku fara da Grossglockner. Ana biyan kuɗin shiga, amma hanya ce mai faɗi, kwaltarta lafiyayya, kilomita 48 da kwanoni 36, a nan hannunka zai faɗa. Stelvio tun tsakanin 1820 da 1825 aka gina ta, don keken doki, shi ya sa kwanoninta suke haka. In za ku hau ta, ku kwana kusa ku tashi da sassafe, kuma ba Asabar ko Lahadi ba, don a ranakun nan 'yan keke da motoci da babura duk suna cakuɗe. In ka ga jikinka bai ba ka ba, akwai Umbrail daga Santa Maria ta ɓangaren Siwizalan, tana haɗewa da hanyar Stelvio dab da sama, kuma ta fi sauƙi. Babu wanda zai ba ka lambar yabo don ka bi ta wuya.

Saukowa ma akwai nata. Na ga wani a gangaren Bormio ya tsaya gefe, yana taka birkin baya yana tafiya ƙasa fanko, saboda ya ɗora ƙafa a kai tun daga sama har man birkin ya tafasa. Man birki yana shan danshi in ya daɗe. Irin wanda ake kira DOT 4 sabo sai ya kai digiri 230 ko fiye kafin ya tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa yana iya saukowa wajen 155. In naka ya kai shekara biyu, a canza shi kafin ka tashi. Ka sauko da ƙaramar giya, inji ya riƙe ka, birki kuma ka matsa ka saki. Taya ma kar ka ce ai za ta kai, dutse yana cin gefen taya fiye da yadda kake zato.

Sanyi kuwa, duk mita 1,000 da ka hau zafi yana raguwa da kusan digiri 6.5. Merano ba ta kai mita 400 ba, don haka in ka bar ta kana gumi a digiri 30, za ka tarar da wajen 14 a kan Stelvio, kafin a zo maganar iska da ruwa. Rigar ruwa ta kasance a saman jaka, ba a ƙasa ba. Safar hannu biyu, ɗaya a cikin leda. Kuma hadarin tsaunukan nan da rani ya fi haɗuwa bayan azahar, shi ya sa manyan mashigai da safe ake yi musu. Yawancinsu ma a rufe suke har ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, Timmelsjoch da Grossglockner kuma ana rufe su da dare ko da rani ne.

Ba ka tambayi wannan ba amma bari in faɗa, don na ga hoton baburanku, ɗaya daga ciki an canza masa salansa. A jihar Tirol ta Ostiriya, tun 2020 akwai hanyoyin da aka hana duk babur da ƙararsa a tsaye ta wuce desibel 95, har da Hahntennjoch, kuma lambar da ke cikin takardar babur suke fara dubawa. Ostiriya tana so ka ɗauki akwatin agajin gaggawa ko a babur kake. Faransa tana so safar hannunka ta zama mai tambarin CE na ingancin Turai, ka kuma riƙe rigar nan mai ƙyalli. Babbar hanya a Ostiriya da Siwizalan sai da sitika ko rajistarta ta intanet, ta Siwizalan kuma ta shekara ce kawai, babu ta kwanaki, don haka in mashigai za ku bi ku kauce wa babbar hanyarsu gaba ɗaya. A Siwizalan iyakar gudu a wajen gari kilomita 80 ce a awa, cikin gari 50, kuma tararsu ba ta da tausayi. In ka ji hon mai sauti uku a kwana, bas ɗin gidan waya ce mai ruwan ɗorawa, ka ba ta hanya. Siwizalan ba ta cikin Tarayyar Turai, ka duba layin wayarka kafin ka shiga, kar data ta cinye maka kuɗin mai.

Amma duk wannan mai sauƙi ne. Ka zaunar da abokan nan naka kafin ku biya kuɗin otal ko ɗaya. Ka ce musu kai za ka kasance na biyu a layi, mafi ƙwarewa ya tsaya a baya. Kowa ya riƙa ganin fitilar na bayansa a madubi, in bai gani ba ya tsaya. A kowace mararraba da kan kowane mashigi a jira. Adireshin masauki da taswirar ranar su kasance a wayarka kai ma, a sauke, don sabis yana ɗaukewa, kuma 112 ce lambar gaggawa a duk ƙasashen nan. Masaukin ya zama irin wanda ake iya sokewa, saboda kuɗin da aka riga aka biya ne ya tura mu Gavia da yamma. Sannan duk wanda ya ce ya gaji, an tsaya ke nan, ba gardama ba gori. Ka lura da fuskokinsu lokacin da kake faɗin wannan. In sun ce to, madalla, ku rage ƙasa ɗaya, ku bar Faransa da mashiganta su Iseran da Galibier sai wata shekara. In kuwa wani ya yi irin dariyar da aka yi min a Bormio, ka janye, ko da ka riga ka ɗauki hutu a wurin aiki.

Ka turo mana taswirar kowace rana a nan mu duba, musamman ranar da Stelvio ta faɗo a ciki, in ga abin da suka haɗa ta da shi. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.