Karatun intanet na kyauta: ilimi ne ko ƙona data?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya. Sau biyu ina zana JAMB ban samu gurbi ba, yanzu ina gyaran waya a shagon yayana a Sabon Gari. Abokina ya ce in daina zaman jira, wai akwai kwasa-kwasai kyauta a intanet har na manyan jami'o'in Amurka. Na fara guda uku duk na watsar a hanya. Dan Allah ilimi ne na gaske, kuma takardarsu tana ba mutum aiki? Daga wani ɗalibinka, Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Ilimi ne kam, abokinka bai yi maka ƙarya ba. Tun 2002 jami'ar MIT da ke Amurka ta fara zuba darussanta a intanet kyauta, a 2012 kuma shafukan kwasa-kwasai na Coursera da edX suka fito.

Takarda ce dai sai a hankali. Satifiket ɗinsu yawanci sai ka biya, kuma ba digiri ba ne, kar ka kai shi neman aikin gwamnati ka ce ni na aike ka. In digiri kake so ga NOUN, jami'ar karatu daga nesa ta ƙasa, ga kuma cibiyar karatu daga nesa ta ABU nan kusa da kai, su hukumar kula da jami'o'i, NUC, ta san da zamansu, amma da kuɗinka. Masu ba da aikin kwamfuta kuwa da yawansu abin da hannunka ya iya suke dubawa.

Ni abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ukun nan da ka watsar, kuma ba lalaci ba ne, kai kaɗai kake yi shi ya sa. Ka shiga cikin birni bayan sallar asuba ka duba makarantun zaure mana, ɗalibi zai ɗauki fiƙihu wurin wannan malami, nahawu wurin wancan, ba rajista ba satifiket, amma in ya tashi ba gida yake wucewa ba, sai ya zauna da 'yan'uwansa su yi bita, wannan ya biya wancan ya gyara masa, ran da bai zo ba a tambaye shi lafiya. To bidiyo ba ya tambayar ka lafiya. Hatta kwas ɗin da aka fara kira MOOC, wato kwas na intanet da kowa zai iya shiga, wanda George Siemens da Stephen Downes suka yi a Kanada a 2008, mutum sama da 2,000 suka shiga kyauta, kuma ginshiƙinsa kenan, kowa ya rubuta abin da ya fahimta wasu su karanta su yi masa gardama.

Don haka ka zaɓi kwas ɗaya tak, wanda ya shafi sana'arka, misali lantarki. Ka nemi mutum uku ko huɗu ku buɗe guruf a WhatsApp, duk Juma'a kowa ya rubuta abin da ya koya da Hausa, wallahi a nan za ka gane ashe rabin abin da ka ɗauka ka iya ba ka iya ba. In wani yaro ya ce ka yi kuskure kar ka ji haushi, ka koma ka duba.

Batun data kuma, ka riƙa sauke bidiyon da daddare lokacin da ta fi araha, ka kalla da rana in shago ba kowa. Ka gaida yayan naka.