Shin feshin Bahar Maliya yana haɗa gajimare a Jidda?

Ɗan'uwa, ka ce an gaya maka feshin teku yana haɗa gajimare, to me ya sa Jidda ke bakin Bahar Maliya amma ruwan sama bai cika sauka ba?

Maganar gaskiya ce. Tururi ba ya zama ɗigon gajimare sai ya sami ƙwayar da zai maƙale mata. Idan igiyar ruwa ta fashe, kumfa na watsa ƙananan ƙwayoyi sama, kuma ba gishiri zalla ba ne. Akwai maiƙo da sukari da ragowar ƙananan tsirran teku da ido ba ya gani, waɗanda ke taruwa a fatar ruwan ta sama. Gishiri na jan laima da sauri. Ragowar halittun kuwa, abin da ya fi burge ni, wasunsu na sa ɗigo ya daskare tun sanyi bai kai inda ruwa tsantsa ke daskarewa ba, kuma ƙanƙarar nan kan fara ruwan sama. Tsirran kuma na fitar da wata iska mai ɗauke da sinadarin sulfur da ake kira DMS, wadda masana suka danganta da gajimare tun 1987.

Kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar yawan ƙwayoyi a matsayin yawan ruwa. Idan suka yi yawa, ɗigon kan ƙanƙance, gajimaren ya ƙara fari, ruwan ya jinkirta. Matsalar Jidda daban ce: busasshiyar iska mai saukowa daga sama ke hana laimar tashi.

In don karatu ne, nemi binciken KAUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Sarki Abdullah da ke garin Thuwal a arewacin Jidda. Hasashen ruwa da ambaliya kuwa, bi sanarwar cibiyar yanayi ta Saudiyya.