Amsa: kan injin yankan ciyawa yana tsalle a filin ƙwallo

Malam, tambayarka ita ce ko ka ƙara ɗaure sifirin da ke ɗage hannun kan yanka, wato sashen injin yankan ciyawa da ke ɗauke da wuƙaƙe, tunda kan yana tsalle, ciyawar filin ƙwallonku tana fitowa tudu da kwari. A'a, sassauta shi za ka yi. Aikin wannan sifirin shi ne ya rage nauyin kan yanka ya maida shi kan tayoyin injin. In ya yi tauri da yawa, kan ba ya zama daram a ƙasa, sai ya dinga shawagi. Ka tsaya a wuri shimfiɗaɗɗe, ka sauke kawunan, ka kashe injin, ka ja birki, ka zare makulli. Sai ka zura bututun ƙarfe a doguwar jelar sifirin ka sauke ƙarfinsa, don Allah kada ka kama shi da hannu, yana iya karya yatsa. Ka matsar da saitin sifirin mataki ɗaya kawai, hagu da dama daidai, sannan ka gwada yanka.

Amma da sharaɗi. Ƙasarmu ta Damagaram da rani takan bushe ta yi tauri, a nan sassautawa ke da amfani. Da damina, ko bayan an yi ban ruwa, kan mai nauyi yakan kwantar da ciyawa ya bar sawu, tayoyi kuma su riƙa santsi, sai a ɗan ƙara ɗauri. Kafin duk wannan, ka sa takarda tsakanin wuƙaƙe masu juyawa da wuƙar ƙasa. In ba ta yanke tsaf ba, mai yiwuwa rairayi ya cinye kaifin, kuma sifirin ba zai gyara wannan ba.