Tambaya da Amsa: Kafin Ku Nufi Gurara, Farin Ruwa ko Assop

Wani ango daga Zariya ya rubuto: "Ni da amaryata muna son zuwa kallon magangarar ruwa, amma biki ya cinye aljihu. Gurara za mu je ko Farin Ruwa?"

Allah ya ba da zaman lafiya, ango. Ku je Gurara. Tana Jihar Neja, kan hanyar Suleja zuwa Minna, mota na kai mutum kusa da ruwan, tsayinta kimanin mita 30. Farin Ruwa da ke ƙaramar hukumar Wamba a Nasarawa ta fi ta tsayi nesa ba kusa ba, wajen mita 150, amma ƙarshen hanyar sai babur sai ƙafa, ba wurin amarya mai ɗanyen lalle ba ne. Ga kuma magangarar Matsirga kusa da Kafanchan, cikin jiharku. Ko ina kuka zaɓa, ku fara tambayar direbobin tasha halin da hanya ke ciki, ku fita bayan asuba, ku dawo kafin magariba. Amarya ta soya kaza a gida, ku ɗauki ruwan sha.

Wani matashi daga Kano kuma cewa ya yi: "Wace waya zan saya wadda ruwa ba ya lalata ta? Ina so in yi bidiyo a ƙarƙashin ruwan."

Ɗana, ka damu da ran waya, ba ka damu da naka ba? Babu wayar da zan ambata maka. Na je Gurara cikin watan Agusta, na ga ruwan ya yi ja kamar shayi mai madara, yana ruri har wanda ke gefenka sai ya ɗaga murya kafin ka ji shi. Feshinsa kaɗai ya jiƙa mini riga daga nesa. Duwatsun bakin ruwan duk gansakuka ta rufe su, santsi kamar an zuba miyar kuɓewa. A nan na ga wani yaro sa'anka sanye da silifas, ya juya wa ruwan baya yana ɗaga waya sama. Ƙafarsa ta zame, abokinsa ya cafko wuyan rigarsa. Silifas ɗaya ya tafi, muna kallo ruwa ya juya shi sau biyu ya haɗiye. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Abin da yaranmu ba su gane ba shi ne, inda ruwa ke faɗowa daga tsauni yana haƙa rami a ƙasa, yana juyawa a ciki, ya danne mutum ya hana shi tasowa ko da gwanin iyo ne. Iyon da ka koya a kududdufin unguwa ba zai yi maka komai a wurin ba. Kuma ana iya yin ruwan sama can kan tudu, ku da ke ƙasa rana na dukanku, cikin 'yan mintoci kogi ya cika ya tumbatsa. A magangarar Kintampo ta ƙasar Gana, a watan Maris na 2017, iskar hadari ta tuge wata ƙatuwar bishiya ta faɗo kan masu wanka, kusan mutum 20 suka rasu, yawancinsu 'yan makarantar sakandare. Da damina ka tsaya nesa ka kalla. In ruwa kake son taɓawa, ka jira Janairu zuwa Maris lokacin da ya ja baya, nan ma sai inda mutanen garin suka nuna maka. Kuɗin wayar kuwa, ka cire kaɗan ka sayi takalmin kambas mai kaushin ƙasa.

Wata uwa daga Jos ta ce makarantar ɗanta za ta kai yara magangarar Assop, an ce a biya kuɗi, ita kuma ta kasa barci.

Hajiya, kwantar da hankalinki, tsoron uwa ba laifi ba ne. Assop na nan wajen Hawan Kibo, ba nisa da ku, yara suna zuwa suna dawowa lafiya. Amma kafin ki biya, ki taka da ƙafarki ki ga shugaban makaranta. Malamai nawa za su raka yara nawa? Za a bar su su shiga ruwa? Wace mota za a hau, lafiyar birkinta fa, tunda kin san gangaren nan? In hadari ya haɗo, za a fasa? Idan amsoshin suka gamsar da ke, ki bar shi ya je, ki sa masa rigar sanyi da kayan canji a leda. Idan aka yi miki kame-kame, ki riƙe ɗanki da kuɗinki.

Sai wata 'yar'uwa daga Kaduna da ta ga tallar tafiya Farin Ruwa a Instagram, aka ce ta tura kuɗi gaba ɗaya don a riƙe mata kujera. Kada ki tura. Ki nemi ofishin masu shirya tafiyar, ki yi magana da wanda ya taɓa bin su, ki ba da rabi, ragowar sai kin ga motar da idonki a ranar tafiya.